Shagon Manasse

Abbaganaram,
Maiduguri.

Zuwa ga Yaya Abdulmutallib,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rumaisa'u da su Mikail da Muhsinat. Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi wa yaran albarka, ya sa zaman da kuke yi a Jidda ya zama na alheri. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ka riga ka sani. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana takawa gidan Kawu Ba'ana ba sanda, ko da yake har yanzu tana ɓoye maganin hawan jini a ƙarƙashin darduma ta ce ta sha. 'Yar'uwarmu Binta ta gama wankan jego ta koma gidanta a Dala, jaririn kuma duk wanda ya gan shi cewa yake hancinka ya ɗauko, sai dai mu yi masa addu'a. Maigidana Ya'akubu yana nan yana fama da makarantarsu.

Na san za ka ce me ya hana ni aiko saƙon murya kamar kullum. Na gwada na goge, don maganar ba ta son katsewa, kai kuma Allah ya hore maka katse mutum. Saboda haka ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya. Maganar manhajar nan ce da ka ce in zaɓa mana don kula da benen Baba, sai dai ta jawo wata maganar da ta fi ta nauyi.

Tun da Baba ya rasu muka yarda ba za a raba benen ba, a bar shi dunƙule, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, ni in riƙa kula da shi tunda ni ce a kusa. Kai ka kawo shawarar a sa komai a manhaja, yadda kowane magaji zai buɗe wayarsa ya ga wane shago ne da mutum, wane ne babu, yaushe aka yi wa janareto juyen mai, wane tanki ne ke yoyo. Ban ƙi ba, don na gaji da amsa tambaya ɗaya ga kai, ga Binta, ga Kawu, kowa da lokacinsa. Mutum biyu suka kawo mana tasu, na ba kowanne dama ya gwada a kan benen kansa.

Na farko Ibrahim Khalil ne, ƙanen abokinka, wanda ke wa wani kamfani na Abuja aiki. Tasu manhajar gaskiya ta burge ni. Tana zana benen gaba ɗaya a fuskar waya, shagon da ke da ɗan haya ya fito kore, wanda ake gyara ruwan ɗorawa, wanda ba kowa ja. Ya liƙa wa janareto da famfon rijiya da batiran sola ƙananan takardu masu lamba, in ka haska da waya sai ta gaya maka ranar da aka saya da ranar da ya kamata a duba. Ɗan haya ma zai iya ɗaukar hoton fankar da ta mutu ya tura, kai kana Jidda ka gani kafin ni. Aibinta shi ne ba ta motsi sai da sabis. Ranar da ya zo nuna wa Kawu sabis ya ɗauke, ya hau matakala yana ɗaga waya sama, Kawu na zaune yana kallonsa yana jan carbi. Turanci zalla take ji, bayananmu kuma a wurinsu za su zauna. Da na tambaye shi in mun rabu da su me za su ba mu, ya yi bayani mai tsawo wanda ban fito da komai a ciki ba.

Ta biyun Vivian ce, 'yar wajen Askira, wadda ta haɗa wa wata makaranta da wani ɗakin ajiyar magani irin wannan tsarin a nan cikin gari. Tata ba ta da kwalliya ko kaɗan, layuka ne da rubutu. Amma tana aiki ko babu sabis, in ya dawo ta tura muku abin da aka shigar. Akwai Hausa a ciki, bayanai suna zama a kwamfutarmu, kuma a gaban kowane shago mutum na iya rubuta halin da yake ciki da kalmarsa, ba sai ya zaɓa cikin launi uku ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ita kaɗai ce, ba kamfani a bayanta. In ta kwanta ciwo ko aure ya kai ta Jos, ban san wanda zan kira ba. Don haka har zuwa makon da ya wuce zuciyata ta fi karkata ga ta Ibrahim Khalil, kuma na san kai ma ita kake so.

Dukansu biyu sai da suka zagaya benen suna aunawa, dukansu kuma a ƙofa ɗaya suka tsaya, wato shago na bakwai. Kana tune da Manasse tela, wanda ya riƙa yi mana ɗinkin salla yana tsokanarka da cewa wuyanka ya fi wuyan rigarka girma. A shekarar da gari ya yi zafi ya rufe shagon da kekunansa da yadunan mutane a ciki, ya ce wa Baba zai kai iyalinsa Yola, in an samu sauƙi zai dawo. Baba ya ce masa ya tafi, ba wanda zai taɓa kwadon nan sai shi ko magajinsa. Lambar wayarsa ta daina shiga, shekaru suka yi ta tafiya, Baba bai canja magana ba, kuma yana kwance a asibiti ya sake nanata wa Inna. Tun daga nan kwadon ya zama nata. Duk ranar da ta zo benen sai ta taɓa shi ta tabbatar yana nan.

Ka kuma tuna abin da ya faru bayan ambaliya. Da ruwa ya janye, kowane ɗan haya ya buɗe shagonsa, aka kwashe laka da shebur, aka shanya kaya a kan titi. Leburori suka ce a fasa na bakwai ma a kwashe. Inna ta ce a'a, mukullin ba namu ba ne. Kawu ya goya mata baya, ya ce in aka buɗe a wannan hargitsin allura ta ɓata, wa zai tsaya gaban mai kaya ya yi bayani. An kira ka a waya ka ce a bi maganar Inna, ni ma haka na ce. Aka wanke ƙofar ta waje tas, aka shafa wa kwadon mai don kada ya yi tsatsa, kowa ya tafi yana ganin an kyauta.

Da Ibrahim Khalil ya zo kan shagon, ya ce a tsarinsu ja zai fito, tunda babu ɗan haya babu yarjejeniya, kuma duk wata manhajar za ta tuna wa kowane magaji cewa akwai shago a zaune. Na gaya maka, ka ce daidai ne, dama lokaci ya yi da za a buɗe a ba wani, ba a riƙe wuri a bakin titi don mutumin da ba a san yana raye ba. Na gaya wa Inna, ta ce in dai abin zai riƙa nuna amanar mijinta da ja, to kada a shigo mata da shi. A nan na tsaya, kai a kunne ɗaya, ita a ɗaya.

Vivian kuwa da ta zo ƙofar, ta rubuta ajiya a gaban lambar shagon, sannan ta tambayi sunan mai shi da garinsu. Na faɗa mata. Sai ta ce wane coci yake zuwa. Na kalli Kawu, Kawu ya kalle ni. Abin da ya iya cewa kawai shi ne ya san ba ya buɗewa ranar Lahadi. Mutumin nan ya yi shekaru a ƙarƙashin rufinmu, mun riƙe masa ƙofa fiye da shekara goma, mun kira lambarsa har mun gaji, mun aika saƙo ta bakin direbobin Yola, amma ba wanda ya taɓa tunanin ya tsallaka titi ya tambaya a inda mutanensa ke taruwa. Vivian ta ce za ta bincika.

Ba a yi Lahadi biyu ba ta dawo da labari. Manasse ya rasu a Yola shekaru da dama da suka wuce, matarsa ma ta bi shi. 'Yarsu Phebe, ƙaramar nan da ke zama a bakin shagon tana tsince zare, ta girma, ta dawo Maiduguri tun kafin ambaliya da daɗewa. A Dala take zaune, layi kaɗan tsakaninta da gidan Binta. Ɗinki take yi a keken wata mata, matar ta yi da safe ita ta karɓa da rana. Ta ce babanta ya gaya musu su cire rai, babu mai gidan da zai jira mutum haka, tabbas tuni an ba wani. Ita kuma ko layinmu ba ta bi, don ba ta son ganin wani a kujerarsa.

Inna ta yi murnar da ban ga ta yi ba tun rasuwar Baba. Ta sa aka kira Bulaman unguwa ya zama shaida, ta sa a gaya wa Phebe ta zo ranar Asabar da safe. Ta ɗauko lafayar da take zuwa biki da ita, ta turara ta, ta zo benen kafin kowa. A hanya tana ta gaya mini yau za ta sauke kayan da Alhaji ya ɗora mata, yarinyar nan za ta kwana da keken kanta. Phebe ta zo da Vivian, doguwa ce kamar uban, ta durƙusa ta gaishe da Inna da Kawu. Kafinta ya yanke kwadon, ƙofar ta ƙi buɗuwa, sai da aka sa ƙarfe aka ɓanɓare ta.

Zan gaya maka abin da na gani yadda yake. Laka ta bushe a ƙasa ta tsattsage, kaurinta ya kusa kai gwiwa. Alamar ruwa a bango ta kai ƙirjin mutum. Teburan kekunan sun ruɓe sun zube, kawunan kekunan uku suna nutse a cikin lakar, tsatsa ta cinye su har ba a gane inda allura take. Yadunan da ke cikin kabad sun manne sun zama dunƙule ɗaya baƙi, warin kuma ya sa Bulama ya ja baya. Amma daga alamar ruwan zuwa sama komai lafiya lau, ƙura ce kawai. Akwai wata riga da bai gama ɗinkawa ba a rataye cikin leda, ko zarenta bai canja launi ba. Wato duk shekarun nan kayan suna nan yadda ya bar su, sai da ruwa ya shiga muka kuma kulle shi a ciki.

Telan da ke shago na kusa ya leƙo, ya ɗaga kan keke ɗaya ya juya shi, ya ajiye. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma ya ce nasa ma haka suka nutse, da ruwa ya janye ya kwance su ya wanke da kananzir ya sa mai, ga su nan yana ɗinki da su har yau. Ya ce waɗannan irin na da ne masu ƙarfi, da an fito da su a makon da ruwa ya janye da ba abin da zai same su. Yanzu kam sai 'yan gwangwan.

Na zaci Phebe za ta yi kuka ko ta yi fushi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta shiga ta sauko da rigar nan ta naɗe, ta fito ta sake durƙusawa gaban Inna, ta ce ba ta san akwai sauran mutane irinku ba, da babanta ya san an jira shi haka da ya mutu da farin ciki, Allah ya saka da alheri. Na lura godiyar nan ta fi zagi yi wa Inna ciwo. Ta zauna a kan bencin mai gadi tana kallon cikin shagon, can ta ce in tsayar mata da keke napep. Ni kaina kunya ta kama ni, har na kasa kallon Vivian.

Washegari bayan azahar Inna ta aika a kira ni da Kawu. Ga maganarta, na rubuta maka yadda ta faɗa: "A fitar mini da shagon nan a cikin tumunina na gado, in san nawa ne, in bai wa yarinyar nan ta zauna." Na ce mata ba sai an kai ga haka ba, mu 'ya'yanta za mu iya barin Phebe ta zauna ba haya iya lokacin da take so. Na kuma bayyana mata abin da maganarta ke nufi, cewa sai an kira malamai da masu ƙiyasta gini, kuma yarjejeniyar da muka yi ta barin benen dunƙule ta warware ke nan, don in an fitar da rabon mutum ɗaya ba a san inda za a tsaya ba. Ta ce ta sani. Ta ce ta gama riƙe wa mutane kayan da ba nata ba, kuma ba za ta yi kyauta da abin da wasu ke da haƙƙi a ciki ba. In an bar shi a hannunmu, ranar da ta mutu wayoyinmu za su nuna mana ja, mu kuma mu bi. Ban ji daɗin maganar ba, amma ban iya rantse mata cewa ba haka ba ne.

Wannan ne ya yanke mini zaɓin manhajar. Na koma wurin Ibrahim Khalil na tambaye shi ko tasu za ta iya ɗaukar bene ɗaya wanda shago ɗaya a cikinsa na wani ne daban, amma rijiya da janareto da mai gadi na kowa ne. Ya yi gaskiya ya ce a'a, a wurinsu gini ɗaya mai shi ɗaya ne, sai dai a buɗe wa shagon asusu daban kamar wani gini ne a wata unguwa. Vivian ta ce a tata kowane shago yana da gurbin sunan mai shi, ta nuna mini a take. Saboda haka tata na ɗauka, da sharaɗin ta koya wa Ya'akubu yadda ake gyara ta, ta kuma bar mana kwafin komai a hannunmu. Kada ka ɗauka don ta samo Phebe ne. Da ta Abujan za ta iya, da ita zan ɗauka in yi wa Vivian godiya daban. Za ka ga rahoto yana zuwa maka a makare wani lokaci, kuma ba zane ba launi, sai ka yi haƙuri ka karanta. Ibrahim Khalil ya karɓi maganar da mutunci, ya ce takardun da ya liƙa mu bar su.

Yanzu saura kai. Binta ta yarda, ni ma na yarda, ko da yake ban so a taɓa yarjejeniyar ba, kuma na san hayar shagon bakin titi ba ƙaramin abu ba ne ga kowa a cikinmu. Kai ne namiji, rabonka ya fi namu, in ka ce a'a magana ta tsaya. Ba zan ce maka ga abin da za ka yi ba, Inna ma ta ce kada in matsa maka, in ka ƙi ba za ta ce komai ba. Abin da zan gaya maka kawai shi ne halin da take ciki. Tana cin abinci kaɗan, ba ta ƙara zuwa benen ba, kowace safiya tambayarta ɗaya ce, ko ka kira. Jiya ina tsakar gida na ji tana tambayar Kawu ko wanda ya lalata amana garin tsare ta za a tambaye shi a kabari. Ka san Kawu, ba a taɓa yi masa tambayar addini ya rasa amsa ba. Wannan karon tashi ya yi, ya ce zai je alwala.

Ka gaishe mini da Anti Rumaisa'u da kyau, ka ce mata turaren da ta aiko ya iso. Ka shafa mini kan Mikail da Muhsinat, ka ce su dage da karatu. Kawu Ba'ana da iyalinsa suna gaishe ku, haka Binta da maigidanta, haka Ya'akubu. Inna ta ce ka yi wa Baba addu'a in ka je Harami, ka haɗa da ita. An kwashe lakar shagon, an sa sabuwar ƙofa, mukullin yana wurina. Sunayen sauran shagunan duk na shigar, gurbin na bakwai ne kawai na bari ba suna sai na ji daga gare ka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam, ƙanwarka,
Khairunnisa.